Baƙo iyakarsa zaure: yadda ake zaɓen manhaja, ma'ajiyar intanet da kyamarar gida ba tare da asiri ya tonu ba

Ranar wata Asabar da hantsi Goggona ta kira ni daga Kubwa, muryarta na rawa. "Kai, maza ka zo ka duba min wayar nan, an turo min abin da ban gane kansa ba." Da na isa sai na tarar hoton ɗan maƙwabciyarta ne, yaron da muka sani tun yana zuwa Islamiyya da allo, an rubuta a ƙasa wai ɓarawo ne, duk wanda ya san shi ya gaya masa ya biya bashi. Naira dubu ashirin ya ranta a wata manhajar ba da lamuni, kwanaki suka cika bai biya ba.

"To ni ina ruwana da bashinsa? Wa ya ba su lambata?"

"Shi ya ba su, Goggo, bai sani ba. Ranar da ya sauke manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke cikin wayarsa, ya danna ya amince."

Ta yi jim, sannan ta miƙo min tata. "To duba min, ni kuma wa na ba?"

Abin da na yi wa wayarta ranar, da wanda na yi daga baya a gidan Yayana a Gwarimpa, shi zan bi daki-daki. Ma'aunina ɗaya ne, kuma daga ginin gidanmu na gargajiya na ɗauko shi. Mai tallan itace a ƙofa yake tsayawa, aboki a zaure, ɗan'uwa ya shiga tsakar gida, ɗaki kuwa sai wanda aka yarda da shi. Kowace manhaja, kowace na'ura, baƙuwa ce. Aikinka ka san abin da ya kawo ta, ka tsayar da ita inda aikinta ya tsaya.

Mataki na ɗaya: fara da ƙofar gida

Babu amfanin tantance baƙi alhali ƙofa a buɗe take. A Najeriya ƙofar ita ce layin wayarka, domin shi aka ɗaure da NIN, da BVN, da asusun banki, da WhatsApp. Wanda ya fizge maka waya a cunkoson Nyanya ko Berger, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Zare layin zai yi ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, daga nan ya fara gwada lambobin banki.

Maganinsa lambar sirrin layi. Ka shiga saitin waya, ka rubuta SIM a gurbin bincike, ka nemi inda aka ce SIM lock, ka kunna, ka canza lambar da layin ya zo da ita zuwa taka. Amma kafin ka taɓa, nemo katin da aka ɓallo layin daga jikinsa, domin a nan lambar PUK mai alƙaluma 8 take. Kuskure uku layin ya kulle, sai da PUK zai buɗe. Idan katin ya ɓata, ka fara zuwa ofishin kamfanin layin.

Sai WhatsApp. Settings, Account, Two-step verification, ka sa lamba mai alƙaluma 6 da ba ranar haihuwarka ba ce. Wannan ita ke hana masu kiran nan da ke cewa "muna da taron ƙungiya yau da dare, an turo maka lamba, karanto min" su ƙwace maka asusu. Ka leƙa Linked devices kuma. Duk kwamfutar da ka gani ba ka san ta ba, fitar da ita.

Na uku, imel ɗin da wayar ke kansa. Na tambayi Goggo kalmar sirrinta, ta ce, "Ai yaron shagon ne ya buɗe min, shi ya sani." Haka dubban mutane suke. Wanda ya riƙe wannan kalma yana iya ganin hotunanka da lambobinka daga inda yake zaune. Ka canza ta yau, ka sa doguwa, kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna sun fi gajeriyar da aka cika da alamomi. Kada ka maimaita ta a wani wuri. Idan haddace su ya yi yawa, akwai Bitwarden, kyauta ce, ko ma'ajiyar kalmomin sirri da Google da Apple suka saka cikin wayoyinsu.

Mataki na biyu: ƙirga baƙin da suka riga suka shige

A wayar Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, ka nemi Permission manager a saiti. Zai jera maka izini ɗaya-ɗaya, da manhajojin da ka ba kowanne. Biyar za ka fi sa wa ido: lambobin mutane, saƙonnin tes, wurin da kake, makirufo, da hotuna.

Tambayar da za ka yi wa kowace ita ce, in na hana ta wannan, aikin da na sauke ta dominsa zai tsaya? Manhajar tasi tana buƙatar sanin inda kake, amma lokacin da kake neman mota kawai, don haka ka zaɓi izinin da ke aiki sa'ad da ka buɗe ta. Tocila ba ta da haɗi da lambobin mutane. Manhajar gyara hoto ba ta da haɗi da saƙonnin tes, inda banki ke turo maka lambar tabbatarwa. A wayar Goggo mun sami manhajoji uku na "share datti da ƙara gudu", ba ta san ranar da suka shiga ba, kowacce na riƙe da izinin kusan komai. Muka goge su, wayar ma ta fi sauri.

Daga Android 12 zuwa sama ana iya ba manhaja kwatancen unguwa maimakon ainihin ƙofar gida, kuma ɗigon kore na fitowa a saman allo duk lokacin da aka kunna kyamara ko makirufo. In ka ga ɗigon alhali ba ka kira kowa ba, ka taɓa shi ka ga wace ce. Masu iPhone kuma su kashe izinin bibiya a ƙarƙashin Tracking, wanda Apple ya kawo a 2021.

Bari in tsaya kan manhajojin addini, domin su ne muka fi sakin jiki da su. A Nuwamban 2020 rahoton 'yan jarida ya nuna cewa bayanan wuraren da masu amfani da Muslim Pro suke na zuwa hannun wani kamfani mai suna X-Mode, wanda ke da abokan ciniki cikin 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja bayanai, suka kuma ce sun raba gari da kamfanin. Darasin da na ɗauka mai sauƙi ne. Lokacin salla a Abuja ba ya bambanta tsakanin Wuse da Garki yadda za a ce sai an bi sawunka dare da rana. Ka rubuta sunan gari da hannunka, ka kashe izinin wuri, kiran salla zai ci gaba da zuwa a kan kari.

Mataki na uku: kafin ka sauke sabuwa

Daga Play Store ko App Store kawai. Manhajar da aboki ya turo maka ta Xender, ko wadda aka liƙa mahaɗinta a zauren WhatsApp, ba ka san hannun da ta bi ba. GB WhatsApp da 'yan'uwanta na cikin wannan sahu. Na san daɗinsu, a karanta saƙon da aka goge, a ɓoye cewa ana kan layi. Sai dai ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba wanda ya san mai su, kuma duk hirarka ta cikinsu take bi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A shafin kowace manhaja a Play Store akwai sashen Data safety, inda masu ita ke faɗin abin da suke ɗiba da wanda suke raba wa wasu. Su ne ke cikewa da kansu, don haka shaidar mutum ce a kan kansa, amma idan har da bakinsu sun ce suna raba wurinka da lambobinka, ka gama jin abin da kake buƙata. Ka duba ranar sabuntawa ta ƙarshe, ka karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya, ba yabon masu biyar ba.

Sannan ka tambayi kanka, da me suke cin abinci? Manhaja kyauta da ba ta talla, ba ta karɓar kuɗi, ba ƙungiyar sa-kai ke riƙe da ita ba, akwai inda take samu. Wannan ya fi shafar VPN na kyauta, wato manhajojin da ake bi ta cikinsu a shiga shafin da aka toshe, waɗanda mutane suka cika wayoyinsu da su lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An buɗe Twitter tuni, su kuwa suna nan a wayoyi da yawa. Goge su.

Manhajar lamuni kuwa, tun 31 ga Mayun 2023 Google ya haramta musu neman izinin lambobi da hotuna, kuma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista. Duk wadda ta nemi lambobin mutanenka, ka san ba bashi kaɗai ta zo bayarwa ba. Truecaller ma ka yi tunani, domin amfanin da kake samu na ganin sunan mai kira daga tarin sunaye da lambobin jama'a yake fitowa. Suna da shafin da ake cire lamba daga rumbunsu, ga wanda ba ya so.

Mataki na huɗu: ina za a yi hira

Nan ba zan ja ba. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya tun 2016, kamfanin ba ya karanta su, amma ya san lambarka, da irin wayarka, da lokutan da kake amfani da shi. Kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne FCCPC ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, dala miliyan 220 a Yulin 2024. Signal ta fi kowa ƙarancin abin da take ajiyewa, matsalarta ita ce shawo kan dangi su koma can. Telegram kuwa mutane na ɗaukar ta fi tsaro, alhali hirar yau da kullum da ta zaure ba a kulle suke irin wancan kullewa ba, sai ka buɗe Secret Chat da kanka. Ni dai harkar dangi a WhatsApp, maganar kuɗi da takardu da abokin kasuwancina a Signal.

Mataki na biyar: ajiya a intanet

Abin da ake kira gajimare ba wani abu ba ne illa kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa. Ajiya ce ka kai gidan wani. Tambayar ita ce, makullin akwatin yana hannunka ko yana hannunsa?

Google na ba da gigabait 15 kyauta, iCloud da OneDrive 5 kowanne. Duk suna tsare kaya daga ɓarayi da kyau, sai dai a tsarinsu na asali makullin yana wurinsu, wato in kotu ta nema za su iya buɗewa. Apple na da tsarin Advanced Data Protection da ke mayar da makullin hannunka, amma sai ka kunna. Proton Drive, na wani kamfani a Siwizalan, tun asali haka aka gina shi. Farashin riƙe makulli da kanka shi ne in ka manta kalmar sirri ba ka tanadi hanyar dawowa ba, ba wanda zai buɗe maka.

Don haka ka kasa kayanka uku. Hotunan suna da biki da karatun yara su tafi Google Photos ko iCloud, ba laifi. Takardu masu nauyi, irin su takardar NIN, fasfo, takardar fili da ta asibiti, su tafi inda makulli ke hannunka, a ajiye kwafi a filashi cikin durowa. Kashi na uku shi ne abin da in ya fita ba ya gyaruwa, hoton iyali a cikin ɗaki da makamantansa. Wannan kada ya hau intanet sam, kuma in za ka ji tawa, kada ma a ɗauke shi. Ka tuna wayoyi da yawa na kwashe duk hoton da aka ɗauka su tura ma'ajiya ba tare da tambaya ba. Ka buɗe Google Photos ka ga ko Backup a kunne yake, da manyan fayilolin da yake kwasa.

Akwai wata kafa da ake mantawa. Ajiyar ko-ta-kwana ta WhatsApp da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ta da kullewar da hirar ke da ita sai ka kunna: Settings, Chats, Chat backup, End-to-end encrypted backup. Kuma in za ka tura wa mai shagon buga takardu fayil, ka tsaya a kansa ya goge bayan ya buga. Kwamfutocin shagunan nan cike suke da fasfo da takardun bankin mutane.

Mataki na shida: kayan gida masu haɗi da intanet

Yayana ya sa kyamarori huɗu a gidansa bayan an haura katangar maƙwabcinsa. Wani mai haɗawa ya kawo su, ya ɗaura, ya sa masa manhaja a waya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Biyu a waje, ɗaya a falo, ɗaya a korido mai kallon ƙofar ɗakin matarsa. Bayan wata biyu ɗaya ta daina nunawa, Yaya ya kira shi, sai mutumin ya ce daga shagonsa, "Ranka ya daɗe, ga shi ina gani, ta falo lafiya lau take, ta baya ce ta mutu." Yaya ya kashe waya ya kira ni.

"Kana nufin duk watannin nan yana iya kallon falona?"

"Yaya, da imel ɗinsa ya buɗe asusun. Kai baƙo ne a kyamarar gidanka, shi ne mai gida."

Anti, matarsa, ba ta ce uffan ba. Ta ɗauko ɗankwali ta rufe ta falon, ta koma kicin.

Ba sai ƙaramin mai haɗawa ba. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin kyamarori na Ring, mallakar Amazon, biyan dala miliyan 5.8, bayan ta zarge shi da sakacin da ya bar wani ma'aikaci yana kallon bidiyon mata a ɗakunan kwana da banɗaki. A Fabrairun 2024 masu kyamarar Wyze kusan 13,000 aka nuna musu hotunan gidajen da ba nasu ba. In manya sun yi wannan, ina ga kyamarar da ko sunan kamfani babu a kwalinta?

Ga yadda muka gyara, kuma haka za ka yi tun daga kasuwar Banex ko duk inda za ka saya. Ka nemi kyamara mai sunan kamfanin da aka sani, mai ramin memori, ko mai akwatin naɗa bidiyo da ke zama a cikin gida, domin hoton ya zauna wurinka ko da ba ka biya kuɗin ma'ajiyarsu ba. Wannan ma ya fi dacewa da mu, inda data ke ƙarewa, intanet ke yankewa. Ka tambayi mai shago ko tana aiki in babu intanet. In ya ce sai da shi, ka duba wata.

Ranar haɗawa, kai za ka buɗe asusu da imel ɗinka a wayarka, kai za ka rubuta kalmar sirri, mai haɗawa ya juya baya. In an riga an haɗa da nasa, akwai ɗan maɓallin mayar da na'ura sabuwa, a danna shi da tsinke, a cire ta daga asusunsa a gabanka, a sake daga farko. Kada a bar kalmar da ta zo da ita daga masana'anta, irin admin ko 12345. Da irin waɗannan kalmomi ƙwayar cutar na'ura mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urori a 2016. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka duba jerin waɗanda aka raba wa kallo, ka sabunta manhajar cikin na'urar in ta nema.

Inda za a ɗaura ta ya fi duk wannan muhimmanci. Ƙofar gida, katanga, wurin ajiye mota da janareta. Nan ɓarawo ke bi. Cikin gida, inda mata ke zama ba lulluɓi, ba wurin kyamara ba ne, komai ingancinta. In dole ta sa, saboda jariri ko dattijo mara lafiya, a gaya wa kowa har da mai aiki, a cire ta daga wuta in buƙata ta wuce. Ta waje kuma a karkata ta kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

Sauran kayan hukuncinsu ɗaya. Na'urar Wi-Fi ko MiFi tana da kalmar sirri biyu, ta shiga intanet da ta shiga saitinta, kuma ta biyun kusan kowa ya bar ta yadda ta zo. Canza ta. In na'urar na da layin baƙi, wato Wi-Fi na daban da ake ware wa baƙi, ka ɗora kyamara, talabijin, soket mai haɗi da waya da ɗan makalen infata na sola duk a can, wayoyi da kwamfuta a babban layi. Zaure ke nan.

Talabijin na zamani na iya gane abin da kake kallo ya aika wa kamfani. Kan haka aka ci tarar kamfanin talabijin na Vizio dala miliyan 2.2 a 2017. A Samsung ka kashe Viewing Information Services, a LG ka kashe Live Plus. In dish kaɗai kake kallo, kada ma ka haɗa shi da intanet. Akwatunan Android masu arha da ake cewa suna buɗe duk tashoshi kyauta, hukumar FBI ta yi gargaɗi a 2025 cewa wasunsu da ƙwayar cuta suke fitowa tun daga kwali. Sifika mai amsa magana irin Alexa kuwa ban ga abin da za ta tsinana wa gidan da ake Hausa ba, tunda ba ta jin yaren, ga makirufo a buɗe a falo.

Mataki na bakwai: ranar da waya ta bar hannunka

In za ka kai gyara, cire layi da memori. Canjin gilashi ko batir ba ya buƙatar lambar buɗe waya, in mai gyara zai gwada, ka buɗe masa da hannunka kana tsaye. Sababbin Samsung na da Maintenance mode da ke ɓoye kayanka har a gama. In sayarwa za ka yi, ka fita daga asusun Google ko Apple tukuna, sannan ka mayar da ita sabuwa. Kyamara da talabijin ma haka.

In wani kamfani ya yi wasa da bayananka, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ka haƙƙin tambayar abin da suka riƙe a kanka, da janye izininka, da neman a goge. Ka rubuta musu, ka ajiye hoton saƙonnin, in sun yi kunnen uwar shegu ka kai ƙara hukumar kare bayanai ta NDPC, ga ta nan cikin Abuja. Abin da na ce mahaifiyar yaron nan mai bashi, maƙwabciyar Goggo, ta sa shi ya yi ke nan, bayan ya biya kuɗin mutane.

Saura takarda. Duk kulle-kullen nan na iya kulle mai gida a waje in waya ta ɓata ko mai ita ya rasu. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da ake shiga asusu da su in babu waya, yana kuma da Inactive Account Manager, inda kake zaɓar wanda za a miƙa wa kayanka in an daɗe ba a ji ɗuriyarka ba. Ka rubuta lambobin da biro, tare da PUK da lambar sirrin WhatsApp, kada ka ɗauki hotonsu. Na Goggo ni na rubuta mata da manyan baƙaƙe saboda idonta, ta linke takardar gida huɗu, ta sa a ƙasan adakarta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla.